Rigar da Mahauta Suka Ba Ni

Na san abin da kuke ji a gari game da ni, domin Kankia ba ta kai girman da magana za ta ɓace a cikinta ba. Ana cewa arziki ya biyo ubanku har cikin shago, shi kuwa ya sa tsintsiya ya share shi waje. Wasu su ce girman kai ne, wasu su ce mahauta ne suka yi mini asiri. Uwarku ma, Allah ya ƙara mata lafiya, in ranta ya ɓaci takan ɗan taɓo zancen. To yanzu da idona ya fara hazo, hannuna kuma ba ya riƙe kyamara sai da rawa, gara ku ji daga bakina yadda abin ya kasance. Ban yi nadama ba ko ta kwana ɗaya, kuma ina so ku san dalili.

Shekarar da nake nufi ita ce wadda waya ta gama cinye sana'armu. Kun san shagona na bakin titi, kusa da tasha, mai labulen nan da aka zana wa gidan sama da motoci. A da, ranar sallah sai na sa mutum a ƙofa yana tsare layi. Amare, 'yan makaranta, tsofaffi masu niyyar Makka, kowa sai ya zauna a kujerar nan ya dafa furen roba. Da waya mai kyamara ta shiga aljihun kowa, sai aka bar ni da hoton fasfo da korar ƙuda. Ina zaune ina kallon samari suna ɗaukar junansu a ƙofar shagona, suna jingina da allon da aka rubuta sunana. Abin yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba.

Ana cikin haka wani mahauci da nake sayen tsire a wurinsa ya gayyace ni bikin ƙanensa a wani ƙauye ta wajen Kusada, in ɗauki ango da abokansa. Bayan la'asar aka ce za a yi hawan ƙaho. Ku da kuka tashi a gaban talabijin, bari in faɗa muku yadda yake. Ana kawo bijimi mafaɗaci, a ɗaura masa igiya a wuya da ƙafar baya, ƙarti su riƙe, a tsokane shi har ya fusata. Masu kalangu su saki taken ɗan wasa, shi kuwa ya fito daga shi sai warki da layu, ya tunkari san gaba da gaba, ya faɗa tsakanin ƙahoninsa ya rungume wuyan. San ya yi ta wurgi da shi sama da ƙasa, shi kuma ba zai saki ba sai ya ga dama. Wanda ya fito ranar shi ne Mamman Gagare, gajere ne mai faɗin ƙirji, ba ya dariya, ba ya kallon kowa. Ina daga bayan taro na ɗaga kyamara na danna. Da na duba, ga Gagare a sama, ƙafafunsa sun bar ƙasa, ƙura ta tashi, idon san ya yi ja. Samarin da ke kusa da ni su ma sun ɗauka da wayoyinsu, amma abin da suka samu dishi-dishi ne kawai. Nan take na gane inda abincina ya koma: waya tana kama wanda ya tsaya, amma ba ta iya kama gudu.

Na wanke hoton babba na kai wa sarkin pawan ƙauyen, wani dattijo mai suna Ilu. Ya daɗe yana kallo, ya kira Gagare ya nuna masa. Da na ga ransu ya yi daɗi sai na roƙi a riƙa barina in shiga cikin fili, inda masu igiya suke, domin daga bayan taro rabin abin da nake ɗauka hulunan mutane ne. Sarkin pawa ya nuna mini wani tsoho da ke zaune gefe, da wata tsohuwar babbar riga shuɗiya a kafaɗarsa.

"Ka ga Baba Tanko? Ka san mi yake yi da rigar can?"

Na ce ban sani ba.

"In ɗan wasa ya hwaɗi, shi ke rugawa ya ruhe shi, kada taro su ga huskarshi. Namiji in sa ya kada shi, abin da ke huskarshi nashi ne shi kaɗai. Tun kakanninmu haka ake. Ka shiga fili, mai hoto, ka ɗauki abin da kake so. Amma abin da riga ta ruhe, ba na kasuwa ba ne."

Na ce na ji, na kuma ɗauki alkawari a gaban mutane.

Samun hoto daban, sayar da shi daban. Da farko albam nake yawo da shi, mai nauyi, hotunan suna manne wa leda, kowa ya taɓa ya bar mini shaidar man tsire. Wanke su kuma yana cin abin da ban samu ba tukuna. Wata rana a Kano na ga wani mai sayar da yadi yana nuna wa mata kaya a kan tabilet, wato babbar wayar nan mai faɗin allo, yana shafawa da yatsa kaya suna wucewa. Na dawo gida da zancen a bakina. Uwarku tana tankaɗe, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Malam, waya ta kashe maka kasuwa, kai kuma za ka sayo uwar waya ka kawo gida?"

Na yi ta bayani har tuwo ya nuna. Da ranar kasuwa ta zagayo sai na ga an fita da ragon da take kiwo tun yana ɗan ƙarami, wanda ko ku ba ta bari ku hau. Da yamma ta ajiye mini ƙullin kuɗin a kan tabarma.

"Ga shi nan. In ka bari ya hwashe, kai da shi ku nemi wurin kwana."

Da na sayo tabilet ɗin, mutanen tasha suka sa masa suna faranti, sunan kuma ya bi shi har yau. Da farantin nan na gina sabuwar sana'a, kuma ina alfahari da cewa babu wanda ya koya mini. Na raba hotunan gida-gida: hawan ƙaho daban, dambe daban, kokawa daban, da na samarin nan masu tayar da babur a kan taya ɗaya, waɗanda iyayensu ke tsine wa amma suke sayen hoton a ɓoye. Na koyi sa mafi kyau a farko, domin matafiyi ba ya jira. Mota in ta tsaya shan mai ko sallah, sai in leƙa taga in yi sallama in miƙa. Babbar dabarata kuwa ita ce ba na riƙe wa mutum farantin. In ka riƙe masa, kallo yake yi. In ka sa masa a hannu ya shafa da yatsansa, ya buɗa hoton ya ga gumin da ke goshin ɗan dambe, to ya riga ya fara saye. Daga nan sai a zaɓa, in wanke, in aika a mota. Masu shagon shayi suka manna hotunana a bango, direbobi suka sa a gilashi, 'yan wasa daga Kafinsoli har Sukuntuni suka riƙa aiko mini da ranar wasansu. Na kuma riƙa sa wasu a intanet, mutanen da ban taɓa gani ba suna yaba mini daga garuruwan da ban taɓa zuwa ba. Rago ya dawo gidanmu, har da ƙanensa.

Bayan an gama girbi a shekarar aka yi babban wasa a ƙauyen su Gagare. An samo wani jan bijimi daga rugar Fulani, wanda makiyayin da kansa ya ce ya gaji da shi. Gagare ya shiga yadda ya saba, ya kama wuya, taro ya ɗauki ihu. Sai igiyar ƙafar baya ta kuɓuce wa masu riƙo. San ya juya da ƙarfinsa duka, ya ɗaga Gagare ya maka shi da ƙasa, ya taka masa cinya. Baba Tanko ya taso da riga, amma ƙafar tsoho ba ta sauri. Ni kuwa yatsana yana kan maɓalli tun lokacin da Gagare yake sama, kyamarar tana ta ɗauka a jere, kafin hankalina ya dawo in saki. Aka janye san, aka rufe Gagare, kalangu ya yi shiru, aka ɗauke shi zuwa wurin maɗori.

Da na kwashe hotunan cikin faranti na goge na kyamara, sai na gan shi. Gagare kwance a ƙasa, layunsa sun tsinke sun watse, ya ɗaga hannu ɗaya yana kare fuskarsa, inuwar san ta rufe rabin jikinsa. Idonsa kuwa, tsoro ne tsantsa, irin wanda ban taɓa zaton yana cikin mutumin nan ba. A gefen hoton ana ganin bakin rigar Baba Tanko tana tahowa, ba ta iso ba. Tun da na fara riƙe kyamara ban taɓa ɗaukar abin da ya kai shi ba, kuma na san ba zan ƙara ba. Na ajiye shi can ƙarshen hotunan hawan ƙaho, inda matafiyi ba ya kaiwa. Ban nuna wa kowa ba, ko uwarku.

Ba a daɗe ba wata mota ta tsaya a ƙofar shago, wata Hajiya ta fito tana tambayar mai hoton hawan ƙaho. Ba zan faɗi sunanta ba, domin har ga Allah ba da mugunta ta zo ba. Ta ce ta ga aikina a intanet, suna shirya baje kolin hotunan wasannin gargajiya a Abuja, da littafi, kuma suna neman mai hoto ɗaya da zai zagaya musu Arewa. Na shimfiɗa mata darduma, na aika a sayo fura, na sa mata faranti a hannu yadda na saba. Bambancinta da matafiya shi ne ita ba ta sauri. Ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, ina tsaye ina zuba bayani, bakina har kunne. Sai na ga yatsanta ya tsaya. Kafin in leƙa na riga na san inda ta kai.

"Malam, wannan shi ne hoton. Shi za mu sa a ƙofar shiga, shi ne bangon littafin."

Na ce, "Hajiya, wannan ba na sayarwa ba ne. Ki ɗauki duk sauran."

"Sauran suna da kyau, amma irinsu muna da su. Kowa yana ɗaukar jarumi a sama. Wannan ne ya nuna abin da jarumtar take ci. Ba tozarta shi za mu yi ba, girmama shi za mu yi."

Maganarta gaskiya ce, shi ya sa ta yi mini nauyi. Ta lissafa mini abin da zai biyo baya: sunana a bango, tafiya Abuja, aikin shekara da shekaru, sabuwar kyamara. Ina jin ta, raina yana biyawa, domin abin da nake mafarki ke nan tun ina wanke hoto a ɗaki mai duhu. Amma ina rufe ido sai in ga Gagare yana shiga kasuwar Kusada, samari suna nuna wa juna fuskarsa a waya. Hoto in ya fita ba ya dawowa. Na gaya mata zancen riga da alkawarin da na ɗauka, na karɓi farantina a hankali na kife shi a kan tebur. Ta roƙe ni, na ba ta haƙuri, ta sake roƙo, na sake ba ta haƙuri. Da za ta tafi ta ce za ta je ta nemi izinin Gagare da kansa, in ya yarda ai magana ta ƙare. Na ce kada ta je. Ta ɗauka kunya ce irin tamu ta ƙauye, ta shiga mota.

A gida kuwa na sha magana. Uwarku ta saki muciya ta riƙe haɓa.

"Abuja, Malam? Abuja ta zo har shago ka ce mata a'a? Don mutumin da ko gaisuwarka ba ya amsawa da baki sai da ka? Ragona ya tahi a banza ke nan."

Na ce ragonta ya dawo har da ƙane. Ta ce ba shi take nufi ba, kuma na sani.

Hajiya ta je ƙauyen, ta tarar da Gagare kwance da ƙafa a ɗaure da karare, zaure cike da 'yan dubiya. A gabansu ta kwatanta hoton, hannun da idon da komai, tana yabawa. An ce Gagare ya juya fuska bango. Washegari saƙo ya iso mini daga sarkin pawa: kada in ƙara taka filinsu. Labari ya bi mahauta gari-gari cewa mai hoto ya ɗauki abin da ke ƙarƙashin riga yana nuna wa mutanen birni. 'Yan dambe ma suka daina aiko mini, domin yawancinsu 'ya'yan mahauta ne. Hajiya ta samu wani mai hoto a wani gari, aikin ya tafi can. Ba tsuntsu ba tarko. Rani guda na yi ina zagaya tasha da tsofaffin hotuna, masu shayi suna tambayata yaushe za a tafi Abuja, suna dariya. Na ji haushi, na ji kunya, amma ko sau ɗaya ban ce da na sani ba.

Gab da faɗuwar damina sarkin pawa ya aiko in zo, in taho da farantin. Da safe ina shiri, uwarku ta karɓe shi ta goge da gefen zanenta, ta naɗe shi a sabon ɗankwalinta.

"Ka tahi ka hwaɗa masu gaskiya. Ba ka sayar ba, kada ka sunkuyar da kai gaban kowa."

Wannan ita ce uwarku. Faɗanta a baki yake.

Na tarar da zauren sarkin pawa cike. Gagare yana zaune da sanda a gefensa, ya rame, Baba Tanko yana kusa da shi. Bayan gaisuwa sarkin pawa ya dube ni.

"Mai hoto, ka ɗauka?"

"Na ɗauka, ranka ya daɗe. Hannuna na kan maɓalli lokacin da abin ya hwaru."

"Ka nuna?"

"An gani a hannuna. Mutum ɗaya."

"Ka sayar?"

"Ban sayar ba."

Sai Gagare ya yi magana, kuma ina jin ranar na fara jin muryarsa sosai.

"Matar ta dawo wajena bayan nan, ita kaɗai. Ta ba ni haƙuri. Ta ce har roƙonka ta yi, ta ce ta aje maka Abuja a gaba ka kihe abin nan a kan tebur. Na daɗe ina juya zancen. Miƙo in gani."

Na buɗe hoton, na sa masa farantin a hannu, na juya baya ga sauran mutane yadda jikina zai kare. Ya daɗe yana kallon kansa.

"Ashe haka nike," in ji shi, a hankali. Sai ya ce, "Ina ake kashe shi?"

Na nuna masa wurin. Ya danna, bai yi ba. Ya sake dannawa da ƙarfi, har na ji tsoron gargaɗin uwarku. Yatsan da ya shekara yana riƙe ƙaho da wuƙa ya yi kanta, gilashin ba ya jin sa. Wani ya yi dariya daga baya, Gagare ma sai da gefen bakinsa ya motsa. Na ce ya gwada da ɗan ƙaramin yatsa. Ya taɓa, hoton ya tafi. Shi ke nan, babu wani a ko'ina. Na ji kamar an cire mini haƙori, kuma a lokaci guda na ji wani sanyi a raina da ban taɓa ji ba.

Na fara naɗe farantin zan yi sallama, sai Baba Tanko ya sauke rigar daga kafaɗarsa ya miƙa wa sarkin pawa. Ya ce ƙafarsa ta gaza, ranar da abin ya faru da yana da sauri da babu hoton da za a yi magana a kai. Sarkin pawa ya karɓa, ya dubi mahautan da ke zaune, samari ƙarfafa duk suna nan, sannan ya miƙo mini.

"Karɓi. Kai ka hi kowa kusa da ɗan wasa a fili, kuma ka ga abin da ke ƙarƙashinta ba ka kai kasuwa ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ba mahauci ba ne. Kuma in na riƙe riga, da mi zan riƙe kyamara?"

"In mutum na sama, kyamara. In ya hwaɗi, riga. Hannu biyu Allah ya ba ka."

Na sa hannu biyu na karɓa, hawaye suna zubo mini a gaban mahauta, ban kuma share ba.

Daga ranar har ƙafata ta fara irin ta Baba Tanko, babu wasan da aka yi a ƙasar Kusada da Kankia ban shiga fili da kyamara a wuya da riga a kafaɗa ba. Farantin ya ci gaba da ciyar da mu, da shi kuka yi karatu, ko da yake Abuja ban gan ta ba sai da ɗayanku ya kai ni asibiti. A cikin dubban hotunan da ke ciki za ku ga maza a sama, za ku ga ƙura da gumi da ƙaho, amma ba za ku ga fuskar wanda ya faɗi ba ko ɗaya. Na gan su da idona, da yawa, wasu suna kuka, wasu suna kiran uwarsu, kuma da ni za su tafi kabari.

Tsohuwar rigar nan shuɗiya da ke ƙasan akwatina, wadda kuka sha cewa a ba da ita ko a yi tsumma da ita, ita ce. Wasan ya ja baya yanzu, shi ya sa ba a zo karɓa ba, amma ba tamu ba ce. In ta Allah ta kasance, hotuna ku raba yadda kuka ga dama, farantin ku ba uwarku tunda ragonta ne. Rigar kuwa ku kai ta zauren sarkin pawa, ku miƙa da hannu biyu, ku ce mai hoto ya dawo da amana. Ku wanke ta kafin ku kai.